Shekarar da Na Ɗora Mota a Kan Rijiyar Baba

Ran sunan ɗan 'yar'uwarku Bilkisu na sake jin maganar nan, kuma a bakin autar Yaya Ɗanlami, wadda ko auren uwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru. Ina zaune a zaure ana ta shigowa gaisuwa, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta juya wajen ƙawarta ta ce:

"Wannan shi ne Baffan namu da nake ba ki labari, wanda ya kashe rijiyar Kaka da mota."

Da dariya ta faɗa, ba da wani mugun nufi ba, kamar yadda za ka ce wane shi ne mai tabo a goshi. Ni ma na yi dariyar, don na daɗe da gajiya da yin wani abin da ba ita ba. Amma da na koma ɗaki sai maganar ta tsaya mini a ƙirji. Ku 'ya'yana kun taso kun iske ta a gidan nan, kun ji ta a wurin biki, kun ji ta a wurin rasuwa, kuma ban taɓa ce muku gaskiya ce ko ƙarya ba. To yanzu Baba ya tafi, Inna ta tafi, Yaya Ɗanlami ya tafi, marinan da suka tsaya a wurin duk sun kwanta dama, karofin ma, wurin da ake rinin, an cike shi an yi shaguna a kai. Babu sauran wanda zan rufa wa asiri. Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa, don ba ni da ƙarfin maimaitawa.

Kakanku Malam Inuwa marini ne ɗan marini. A karofin unguwarmu, nan cikin Gwale, gidanmu na da rijiyar rini biyu. Ɗaya yayana Ɗanlami ne ya gina ta da ya yi aure, ɗayar kuwa ta Baba ce, ya gaje ta a wurin ubansa. Ku da ba ku gani ba, rijiyar rini ba irin ta ruwan sha ba ce. Bakinta ƙarami ne, babban mutum zai iya tsallake shi, zurfinta kuwa ya haura tsayin mutum biyu, an shafe cikinta da laso don kada ƙasa ta shanye ruwan. A zuba ruwa, a zuba toka da shuni, a rufe, a riƙa motsawa da muciya har ya yi kumfa ya nuna, sannan a fara tsoma zane. Abu ɗaya ne rijiyar rini ba ta haɗa hanya da shi, shi ne maiƙo. Baba ko tuwo da man shanu ya ci, sai ya murje hannu da toka kafin ya doshi karofi. Na taɓa ganin ya kori mai tallan ƙosai da faɗa don ta sauke farantinta kusa da murfin rijiyarsa, shi da ba mai faɗa ba.

Ni dai Allah bai ɗora mini son rini ba. Warin karofi bai dame ni ba, zaman ne ba na iyawa. Na bi motoci tun ina saurayi har na zama direban wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa. 'Yan shekaru kafin a sami mulkin kai ya tattara zai koma ƙasarsu, ya bar mini tsohuwar motarsa, baƙa, wadda aka ƙera tun kafin babban yaƙin duniya. Ba don tsananin ƙauna ya bar mini ita ba, wanda zai saya ya rasa. A lokacin na haura talatin, ina da mahaifiyarku Hajara. Motar ba ta shiga lungunmu, sai na aje ta a filin da ke gefen karofi. Inna ta sa aka kwatanta mata ita tun daga kai har ƙafa, sannan ta ce:

"To ita wannan, Habu, me za a riƙa ba ta? Mu da ke fama da jaki biyu."

A shekarun nan Buzayen da ke sayen turkudinmu sun rage shigowa har Kasuwar Kurmi. Sai su tsaya a kasuwannin arewa da birni, wanda ya kai musu can shi ke sayarwa. Yaya Ɗanlami da jakuna yake kaiwa, ya kwana a hanya, ya dawo a gajiye. Na ce a ba ni kayan, kafin azahar na kai. Kun san turkudi ba launinsa kaɗai ake saya ba. Bayan an rina shi sai a kai mabuga su yi ta bugunsa da garin shuni har ya ɗauki ƙyalli, a naɗe kowanne a takarda. Ƙyallin nan shi ne kuɗin. Muka loda na Baba da na Yaya a bayan mota, Yaya ya zauna a gefena yana riƙe da hula. A cikin gari lafiya lau. Da muka fita ƙofar gari muka hau gargada sai mota ta fara tsalle kamar ɗan akuya. Shokazoba, ƙarfen nan da ke hana mota tsalle in ta faɗa rami, na baya duka biyun sun mutu murus. Kafin mu isa takardu sun yayyage, zannuwa sun gogi juna, ƙyalli ya tafi a duk inda aka ninke. Buzun da muka fara nuna wa ya warware ɗaya, ya shafa da babban yatsa, ya mayar ya aje, ko taya bai yi ba. Haka muka dawo da kayanmu, sai da aka sake kai su wurin bugu.

Da muka zauna cin abinci a gaban Baba sai Yaya ya ce:

"Jakina dai bai taɓa goge mini turkudi ba. Amma tunda an kawo mana jakin ƙarfe, sai mu yi ta godiya."

Baba bai kula shi ba, ya dube ni ya ce:

"Mutuwa ta yi, ko gyara take so?"

Na ce gyara take so.

"To a gyara."

Garejin Turawa da ke waje da birni ba wurin irinmu ba ne. Na je Sabon Gari wurin wani makaniki mai kwance motocin da suka yi haɗari, ya ciro mini shokazoba biyu a jikin wata mai irin ƙirar tawa, na ɗauko su a buhu. Na motocin wancan zamani ba doguwar sanda ba ce irin ta yanzu. Wata 'yar tukunyar ƙarfe ce cike da mai, da hannu guda, an ɗaure ta da noti a jikin shasi, wato gangar ƙarfen ƙarƙashin mota. Na sha ganin ana canzawa, na ce wannan ai ba sai na kira kowa ba. Na kafa jak, na ɗaga baya, na cire taya, na shige ƙarƙashi na kwanta rigingine. Abin da ban lissafa da shi ba, ƙasar filin nan ba ƙasa ba ce, tokar karofi ce ta shekara da shekaru, sama tauri ƙasa taushi. Notin ya yi tsatsa, na dage na ja sifana da ƙarfina duka, sai na ji jak ya nutse ya karkace. Motar ta sauko. Wani tsohon turmin Inna da na tura ciki don in riƙa ɗora sifana a kai, shi ya tare ta. Turmin ya tsage amma bai rabu ba, ƙarfe ya tsaya yana taɓa rigata a ƙirji.

A lokacin Baba yana bakin rijiyarsa. An kwashe ta an yashe, ana ɓamɓare tsohon lason da ya tsattsage don a yi sabo, ba komai a cikinta. A gaban idonsa motar ta sauko. Ban taɓa ganin Baba ya yi gudu ba sai ranar. Shi ya kama ƙafafuna ya jawo ni waje, tsoho da shi, ya shafa ƙirjina, ya shafa kaina. Da la'asar ya aika a kira ni zaure, mu biyu kaɗai, don Yaya ya tafi Kura karɓo zane wurin masaƙa. Ya ce:

"Habu, su makanikai yaya suke yi ba ta danne su?"

Na ce, "Rami suke da shi, Baba. A turo mota kan ramin tana tsaye da ƙafafunta, mutum ya shiga ƙasa ya yi aikinsa a tsaye."

Sai Baba ya ce:

"Rijiyata ba komai a ciki."

Na ce, "Haba Baba, mai fa? Ƙarfen nan cike yake da mai."

"Na san mai tun kafin a haife ka. Ka shimfiɗa buhu a ƙasa, ka tara tasa. Aikin yamma ɗaya ne. Ran Juma'a in an sauko masallaci ba mai komawa karofi, ka yi abinka ka janye kafin gari ya waye. Ni ba zan fito ba. Amma kada in sake ganin ka kwanta a ƙarƙashin abin nan, ka ji na gaya maka."

Wannan ita ce maganar da ba a sani ba. Ban sato hanya ba, ban jira Baba ya ba da baya ba. Shi ya ce in ɗora.

Ran Juma'a na kira abokaina direbobi daga tasha. Muka zura tsani, muka gicciya azara a ciki inda zan taka, na shimfiɗa buhuna a ƙasan rijiya, na rataya tasar Inna da igiya. Na shiga, suka turo motar a hankali har bayanta ya rufe ni, tayoyin suka tsaya ɗaya nan ɗaya can a gefen baki. Duhu, zafi, ga warin tsohon shuni, amma wallahi aiki ya yi daɗi. Na jiƙa notin da kananzir, suka kwance ba gardama. Na sauke na hagu, man da ya tsiyaye na tare shi a tasa, ko ɗigo bai faɗi ba. Na ɗaura sabo ya zauna daram. Har na fara cewa a raina ashe Baba ya fi makanikai dabara. Na koma na dama. Ina zare notin ƙarshe sai na ji ƙara, ƙas, motar ta sunkuya gefe. Ashe faɗuwar da ta yi ran nan ta tsaga sifirin ɗin dama, bakan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, hannun tsohon shokazoba ne kaɗai ke riƙe da shi. Yana fita sifirin ya ƙarasa karyewa, jikin motar ya zauna a kan taya. Na rarrafo na fito, muka tura, ko motsi. Muka ce mu ja ta da ƙarfi, sai bakin rijiya ya fara zubewa ƙarƙashin tayar da ta cije, dole muka bari. Na ce bari dai in ɗaura ɗaya shokazoban in rage aiki. Na kai shi wurin, hannunsa yana kallon baya. Na juya shi, na sake juyawa, sai ka ce juyin zai canza masa halitta. Duka biyun na hagu mutumin ya ba ni. Aka kira magariba mota tana kan rijiyar Baba.

Da safiyar Asabar marina suka fito suka iske ta. Kafin in iso an taru. Sarkin karofi, wani dattijo sa'an Baba, da shi suka koyi rini, ya zagaya motar, ya leƙa ƙasa ya ga tasar mai tana reto a cikin rijiya, ya yi salati. Sai ga Baba ya taho a hankali. Aka buɗa masa. Sarkin karofi ya ce:

"Malam Inuwa, da saninka aka yi wannan?"

Ku fahimci abin da ake tambaya. Mutumin da duk karofin nan in rini ya ƙi nuna shi ake kira ya ɗanɗana ya faɗi abin da ya rage, mutumin da ya kori mai ƙosai, shi ake tambaya ko da bakinsa ya ce a rataya tasar baƙin mai a rijiyar ubansa. In ya ce e, ya gama zama a cikinsu da mutunci, har ya mutu abin da za a riƙa tuna shi da shi ke nan. Na dube shi. Ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki, ya rufe. Sai na ji bakina ya ce:

"Ba da saninsa ba ne. Ni na ga ba kowa na turo."

Aka yi caa a kaina. Wanda ya ce ɗan yau, wanda ya ce dama wanda ya ƙi sana'ar ubansa me zai sani. Baba ya juya ya koma gida. Washegari Yaya Ɗanlami ya dawo, tun a hanya aka tare shi da labari. Ya shigo tsakar gida ko takalmi bai cire ba, yana cewa:

"Ka ƙi rini, an bar ka. Ka ɓata mana kaya, an yi shiru. Yanzu kuma rijiyar kakanmu ka mayar gareji? Wai kai me muka yi maka ne?"

Inna ta san gaskiya, don a hannunta na karɓi tasa. Ta ce, "Ɗanlami, ya isa," ba ta ƙara ba. Mahaifiyarku kuwa da muka shiga ɗaki ta tsare ni, ranta a ɓace:

"Don Allah don me ba za ka faɗa ba? Ana zaginka a unguwa kamar ɓarawo, mata suna shigowa yi mini jaje."

Na ce mata ni direba ne, in marina sun zage ni gobe ina kan hanya. Baba fa ina za shi? Ta yi kuka, amma ta riƙe maganar har ta koma ga Allah, kuma na san ba da sauƙi ta riƙe ba.

Daga nan sai zirga-zirga. Kullum in taka daga Gwale har Sabon Gari neman sifirin da shokazoba na dama, kullum a ce gobe. Yau mai kayan ya tafi Zariya, gobe an samo amma na wata ƙira ce, jibi an ce wata ta faɗi a hanyar Wudil a jira a jawo ta. In dawo ƙafa duk ƙura, in rarrafa ƙarƙashin mota in sauka in juye tasa, don tsohuwar mota ba inda ba ta ɗiga. In fito, marina suna aikinsu, ba mai amsa mini sallama da baki cike. Aikin yamma ɗaya ya shiga makonni. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Abin da nake roƙo kawai kada ruwa ya sauko, don duk rijiyar da ke karofi tana da murfi, ta Baba kuwa mota ce murfinta.

Ruwan farko ya zo da wuri a shekarar. Da rana tsaka, ina Sabon Gari, hadari ya haɗo daga gabas. Na saki maganar da nake yi na kama gudu. Kafin in shigo ƙofar gari an tsuge. Na iso karofi kowa ya rufe rijiyarsa ya fake, ba kowa a fili sai mutum ɗaya a durƙushe gefen mota. Baba ne. Ya cire rawani ya toshe gefe ɗaya da shi, yana tara ƙasa da hannu yana yi wa bakin rijiya shinge, ruwa yana rushewa yana sake tarawa. Aikin banza ne, shi ma ya sani. Ruwan yana wanko ƙarƙashin motar, yana kwaso kananzir da man da suka zuba a ƙasa wurin da muka yi aiki, ya cika tasa ta tumbatsa, duk yana gangarawa ciki. Ga bangon rijiya a ɓamɓare, ƙasa tsirara tana sha. Na durƙusa kusa da shi ina tarawa ni ma. Can ya dafa kafaɗata ya ce:

"Bari, Habu. Ya riga ya shiga."

Da aka ɗauke muka kwashe ruwan da guga, muna rarrafe. Kowace guga ta fito da mai yana yawo a samanta.

Kayan sun samu daga baya. Na ɗaura sifirin, na ɗaura shokazoba na dama, bai ɗauke ni ko wuni ba, aikin da dama haka ya kamata ya kasance tun farko. Aka ture motar daga kan rijiya. Na zagaya da ita bayan gari na hau gargada, ta tafi sumul kamar ba ita ba. Ban ji daɗin komai ba. Na dawo na aje ta na tafi taya Baba.

Mun yi wa rijiyar nan duk abin da aka sani. Muka cika ta da kara muka cinna wuta don man ya ƙone. Muka kankare bango har muka gaji, aka yi sabon laso, aka bar shi ya bushe. Baba ya zuba ruwa, ya zuba toka da shuni mafi kyau da yake da shi, ya rufe. Kullum da safe ya buɗe ya motsa da muciya, ni ina tsaye a baya, Yaya yana daga bakin tasa rijiyar yana satar kallo. Lokacin da ya kamata kumfa ta taso ya zo ya wuce. Sai wasu 'yan idanun mai da ke tasowa daga gefe su bazu a saman ruwa. Baba ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar, ya mayar da murfi. Bayan damina aka sake kwashewa, aka sake ƙonawa, aka sake laso, ya sake zubawa. Haka dai. Wasu sun ce da an yi haƙuri shekara biyu ko uku ƙasa za ta cinye man. Wataƙila. Baba ya ce shi ya isa, ba zai ƙara zubar da shuni ba. Yaya Ɗanlami, Allah ya jiƙansa, ya ce:

"Baba, ga tawa, ka riƙa yi a ciki. Ni sai in kama maka."

Baba ya ce, "Ban san halinta ba, kuma na tsufa da koyon halin rijiya."

Da farko yakan fita karofi kowace safiya ya zauna gefen murfinsa a rufe, a gaisa, in rinin wani ya ƙi a kira shi ya ɗanɗana. Sannu a hankali ya rage fita, ya koma zaman zaure da carbi. Ita kuwa mota ta yi aikin da aka gyara ta dominsa. Shekaru ta yi tana kai turkudi kasuwannin arewa da ƙyallinsa, har da na Yaya, wanda zai loda kayansa ya zauna a gefena mu je mu dawo bai ce mini komai ba sai abin da ya zama dole. Da ita aka ci abinci a gidan nan lokacin da rini ya fara ja da baya. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba, haka dai abin ya kasance.

Sau ɗaya tak Baba ya shiga motar nan. An yi rasuwa a Kura, ƙafarsa ba za ta kai shi ba, na ɗauke shi mu biyu. Mun yi nisa a kan gargada ya ce:

"Ba ta tsalle yanzu."

Na ce ba ta yi. Muka ƙara tafiya, sannan ya ce, yana kallon gaba:

"Ran Asabar ɗin nan, na so in yi magana. Bakina ne ya yi nauyi."

Na ce, "Baba, ai ya wuce."

"A wurina ya wuce. Kai ne za ka yi ta ɗauka. Zan gaya wa Ɗanlami."

Bai gaya masa ba. Na san ya yi niyya, don sau da dama nakan ga ya kira Yaya zaure, su zauna, ya tambaye shi farashin shuni, ya sallame shi. Ban riƙe shi a raina ba. Mutumin da ya jawo ni da hannunsa daga ƙarƙashin mota, ya ba da rijiyar ubansa don kada in sake shiga, ba zan tsaya ina bin sa bashin magana ɗaya ba. Amma in na ce muku abin bai yi mini ciwo ba na yi ƙarya. Ya yi, kuma har yau yana yi.

Bazarar da ta biyo baya ya kwanta, ciwon bai yi tsawo ba, ya rasu da hantsi. Ni da Yaya muka shiga yi masa wanka, liman yana tsaye yana nuna mana. Ni ke zuba ruwa, Yaya ke wankewa. Da aka zo hannun dama Yaya ya zaro shi daga ƙarƙashin mayafi, sai ya tsaya. Tun da na buɗe ido a duniya hannun Baba baƙi ne har gwiwa, shuni ya kama fata, ya kama farce, ba sabulun da ke fitar da shi. Wanda Yaya ke riƙe da shi kuwa ya koɗe tas, tafin ya yi fari, farce sun fito sababbi, ko alamar shuni babu. Da a wani wuri aka nuna mini shi ba zan ce na ubana ba ne. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa a watannin ƙarshe yake zama da hannuwa cikin riga, in an zo gaishe shi ya amsa da ka.

Yaya ya juyo tafin hannun wajena, idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya ce a hankali don kada liman ya ji:

"Ka ga aikinka?"

Mutum ɗaya ne zai iya ba shi amsa, ga shi kwance a tsakaninmu. Na dubi hannun, na dubi Yaya.

Na ce, "Na gani, Yaya."

Na ɗauki buta na ci gaba da zuba ruwa.